Faɗuwar Walƙiya Mai Aski

An yi wani mai aski da ke da shago a bakin titi, tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya. Shi ya raɗa wa kansa suna Walƙiya, wai don in ya ɗauki ƙwallo ba a ganinsa, sai dai a ji ihu daga baya. Mutanen layin suka karɓi sunan hannu bibbiyu, amma da tasu fassarar. Suka ce ai walƙiya sau ɗaya take haskawa ta ɓace, shi ma in ya yi gudu ɗaya a farkon wasa sai a neme shi a rasa, yana can gefen fili ya dafa gwiwoyi yana haki kamar tsohon injin niƙa.

Wannan bai rage masa baki ba. In ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama maka gefe ɗaya na kai ka ji yadda manyan ƙungiyoyin waje suka taɓa aiko a ɗauke shi, ruwan sama ya hana jirginsu sauka.

A shekarar nan ƙungiyar masu shaguna ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta kai wasan ƙarshe, za ta kara da 'yan gareji. Ana saura 'yan kwanaki sai ga Koci, wani tsohon direban babbar mota da ke horar da su, ya shigo gyaran gemu. Sai da aka shafa masa kumfa sannan ya saki maganar.

"Walƙiya, ranar wasa benci za ka zauna. Kai ne mai riƙe jarkar ruwa."

Walƙiya ya tsaya cak da aska a hannu. "Ni? Benci?"

"Kai fa. Tumbinka yana riga ka isa wurin ƙwallo, har satar gida yake jawo mana."

"Haba Koci, da tsohuwar zuma ake magani."

"In zuma ce ba. Kai tsohuwar taya ce, ko faci ba ka karɓa."

Maganar ta soki Walƙiya, don ya riga ya gaya wa duk wanda ya yi wa aski a watan nan cewa shi zai ɗaga kofi. Ya ɗaga kai yana neman amsa, idonsa ya faɗa kan talabijin da ke maƙale a bango. Daidai lokacin wani ɗan wasa ya kutsa cikin yadi na sha takwas, gaban raga, ya yi sama, ya faɗo, ya mirgina yana riƙe da ƙafa kamar mota ta bi ta kansa. Alƙali ya busa usur ya nuna wurin fenareti.

"Koci, ka ga wancan? An taɓa shi?"

"Ko iska ba ta taɓa shi ba."

"To me ya samu?"

"Fenareti."

"Ka gani! Ƙwallon zamani ba gudu ba ne, faɗuwa ce. Gudu na yara ne da ɓarayi. Ka sa ni a wasan nan, in ban faɗo maka da fenareti ba ka canza mini suna."

Koci ya so ya yi musu, amma ya lura aska tana daidai maƙogwaronsa. Mai hankali ba ya gardama a irin wannan wuri. Ya ce a hankali, ba tare da ya motsa haɓa ba, "Bayan hutun rabin lokaci za ka shiga."

Ranar tun kafin la'asar Walƙiya ya rufe shago ya nufi gida. Matarsa tana wanki a tsakar gida ta ga ya wuce ɗaki ko sannu bai ce ba. Can sai ta ji rim! Sai kuma ƙarar katako. Ta shiga da kumfa a hannu, ta tarar da shi kwance a tsakiyar gado, gadon kuma ya nitse da shi, ƙafafunsa suna kallon silin.

"Baban Auta, lafiya?"

"Atisaye nake."

"Atisayen karya gado?"

"Ke ba za ki gane ba. Faɗuwa nake koyo."

"Ai ban san koyonta ake yi ba. Na zaci tun ranar da ka fara ƙwallo ka iya."

Bai kula ta ba. Ya jawo katifa ya shimfiɗa a tsakar gida, ya ce ta tsaya a gefe, in ya zo wucewa ta ɗan taɓa masa ƙafa, kaɗan kawai. Ya ja da baya har bakin ƙofa, ya taho a guje. Ta miƙa tsintsiya ta shafi ɗan yatsansa. Walƙiya ya yi sama yadda ya gani a talabijin, hannuwa a buɗe, baki a wage, ya tsallake katifar gaba ɗaya, ya sauka cikin bahon wanki. Ruwan sabulu ya yi tsalle har kan igiyar shanya.

Matar ta duba shi, ta duba bahon da ya tsage. Ta ce, "Wallahi wannan ta yi kyau. In ka sake, ga kwandon shara can, shi ba ya fashewa."

Washegari ya ce faɗuwa ba ihu ai miya ce ba gishiri. Ya shiga banɗaki, wai a nan murya ta fi amsawa, ya fara gwaji. Ya yi na mai targaɗe bai gamsu ba, ya yi na mai karaya, daga nan ya zarce da wani irin kururuwa da ya sa kajin maƙwabta suka watse. "Wayyo ƙafata! Wayyo ya kashe ni! Jama'a ya gama da ni!"

Kafin ya rufe baki gidan ya cika. Tela, abokinsa kuma ɗan gaban ƙungiyarsu, ya faɗo da almakashi a hannu yana tambayar ina ɓarawon. Wata tsohuwa ta shigo tana salati, ta riƙe matar tana ba ta haƙuri tun ba a ga gawa ba. A bayansu ga Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke gidan kusa, wadda a wurinta ko tuntuɓe ka yi maganinsa allura ne. Tana rungume da baƙar jakarta.

Walƙiya ya leƙo daga banɗaki, ya hango jakar, ya koma ya danna sakata. Duk duniya ba abin da yake tsoro irin allura.

"Na warke, Sista!" ya ce daga ciki.

"Fito in duba."

"Wallahi na warke. Jin muryarki ma magani ne."

Matar ta yi wa mutane bayani, suka fita suna tsaki, tsohuwar nan tana cewa ita an sa ta ɓarnar hawaye.

Abu ya bi jiki. Walƙiya ya zama ko labule ya shafe shi sai ya tangaɗa ya duba ko akwai mai kallo. Ana gobe wasa, wani ƙaton makanike da ake kira Bulodoza ya shigo aski. Shi ne ɗan bayan 'yan gareji, mutum ne kamar a yi ƙofa da shi, amma magana a hankali yake yi kamar mai jin kunya. Yana zaune ana masa aski, sai ya ɗaga hannu zai sosa hanci, gwiwar hannunsa ta shafi cikin Walƙiya.

Jiki bai yi shawara da kai ba. Walƙiya ya kurma ihu ya yi baya, kilifar aski tana aiki a hannunsa, ta bi ta tsakiyar kan Bulodoza daga goshi har ƙeya. Ya faɗi kan kwandon gashi, gwangwanin hoda ya biyo shi ya juye masa a fuska.

Bulodoza ya daɗe yana kallon madubi. Ya ce, "Maigida, wannan titin fa?"

Walƙiya ya miƙe yana kakkaɓe hoda, fari fat kamar an tono shi. "Sabon yayi ne, bai iso nan ba tukuna. Amma ka ga faɗuwar? Faɗi gaskiya, da kai ne alƙali me za ka bayar?"

"Mari."

"Fenareti za ka bayar! Gobe haka zan yi muku. Ko numfashinka ya taɓa ni a cikin sha takwas, sai dai ka ji usur."

Tela, da ke leƙowa ta taga, ya dafe kai. Bulodoza ya ce a aske sauran kan duka, ya miƙe ya shafa ƙwaryar kansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Na gode da ka faɗa mini. Gobe ko inuwarka ba zan taka ba."

"Ka ji tsoro ke nan!" in ji Walƙiya. Ya juya wurin Tela yana murmushi. "Ka ga yadda ake karya zuciyar abokin gaba tun kafin wasa?"

Ranar wasa fili ya cika, har kan katanga mutane. Aka tafi hutun rabin lokaci ba wanda ya ci wani. Koci ya dubi Walƙiya, wanda ya ɗaure gwiwoyi biyu da bandeji tun ba a taɓa shi ba, ya yi ajiyar zuciya ya ce ya shiga.

Yana shiga ya lura da wani abu. Duk inda ya nufa, 'yan gareji sai su dare, su ɗaga hannuwa sama kamar an tare su da bindiga. Bulodoza ya riga ya gaya musu komai. Tela ya gane dama ce, ya turo masa ƙwallo. Walƙiya ya tsinci kansa shi kaɗai, hanya a buɗe fetal har raga, ba kowa a gabansa sai gola.

Fili ya ɗauka: "Buga! Buga!"

Walƙiya ya shiga sha takwas ya taka ƙwallo ya tsaya. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ba mai zuwa. Shi kuwa bai yi atisayen bugawa ba, na faɗuwa ya yi, kuma bai ga dalilin da zai sa wahalarsa ta tafi a banza ba. Sai ya juya da ƙwallon ya nufi Bulodoza.

"Zo ka tare ni mana, in kai namiji ne!"

Bulodoza ya ja da baya, hannuwa a sama. Walƙiya ya bi shi. Bulodoza ya ƙara sauri. Mutane suka ga abin da ba su taɓa gani ba, mai ƙwallo yana korar mai tsaron baya, har suka fita daga sha takwas suka doshi tsakiyar fili. Da Walƙiya ya ga numfashi zai ƙare masa, sai ya yanke shawarar faɗuwa haka nan. Ya yi sama ya zube, ya mirgina, ya saki ihun nan na banɗaki.

Alƙalin wasa, wani malamin makaranta mai tabarau, ya tako a hankali ya tsaya a kansa.

"Wa ya taɓa ka?"

"Tambayi ƙafata, Malam!"

"Wacce? Da ka faɗi ta dama ka riƙe, yanzu ga ka riƙe da ta hagu."

"Ciwon yawo yake."

"To ga abin da zai tsayar da shi." Ya zaro katin gargaɗi ya ɗaga masa.

Koci ya cire hula ya buga da ƙasa. Ya juya benci zai canza shi, ya ga ba wanda ya rage sai mai gyaran waya, shi kuma da silifa ya zo.

Aka ci gaba. Can cikin wani turmutsutsu Walƙiya ya ji abin da yake ta jira tun ɗazu: ƙafa ta taɓa dugadugansa. Bai tsaya dubawa ba, ya zube yana birgima yana nuna bayansa. "Jan kati, Malam! Wannan mugu ne, kisa ya zo yi! A kore shi!"

Alƙali ya gyara tabarau. "Ka tabbata in kore shi?"

"Ko kotu zan maimaita!"

"To ɗaga kai ka ga wanda zan kora."

Ya ɗaga kai ya ga Tela tsaye a kansa, ya riƙe ƙugu. Tela ya ce, "Tashi, don Allah, kafin in yi maka na gaske."

Lokaci ya kusa cika, har yanzu canjaras. Masu shaguna suka samu bugun kwana. Koci ya yi ihu kowa ya tafi gaba, har golansu ya baro raga ya taho. Aka bugo ƙwallo sama. Golan 'yan gareji ya fito zai cafke, ya kuskure, safar hannunsa ta shafi kunnen Walƙiya. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga taɓawa ta gaske, ga shi cikin sha takwas, ga ɗan ƙungiyar hamayya. Walƙiya ya tattara duk ilimin da ya tara a kan gado da baho, ya yi wani tsalle, ya faɗi, ya shiga mirginawa. Ya mirgina ya ƙara, ya ƙara kuma, ido a rufe, bai san birgimar ta kai shi har kan layin raga ba.

Ƙwallon kuwa ta faɗo a gaban Tela. Gola ya zame yana ƙasa, raga a buɗe. Tela ya ɗaga ƙafa ya narka mata duka da duk ƙarfinsa. Mutane har sun fara tsallen murna. Daidai nan Walƙiya ya juyo rubda ciki ya turo baya sama don ƙarasa birgima. Ƙwallo ta daki mazaunansa, tim! Ta koma kamar an harba ta, ta tsallake kawunan kowa, ta sauka a tsakiyar fili gaban Bulodoza, wanda ya tsaya can nesa don gudun taɓa Walƙiya. Bulodoza bai taɓa cin ƙwallo ba a rayuwarsa. Ya duba gaba ya ga raga ba gola. Ya tura ta a hankali, ya bi ta yana rakiya har ta shiga.

Alƙali ya busa tashi.

Walƙiya yana kwance ya buɗe ido ɗaya, ya hango 'yan ƙungiyarsu sun nufo shi, Koci a gaba ya naɗe hannun riga, Tela ya cire takalmi ɗaya ya riƙe. Nan take ya yi lissafi cewa ba a dukan majinyaci. Ya rufe idon, ya saki jiki, ya karkatar da harshe gefe.

"Ya suma," in ji wani.

"Suman ƙarya ne," in ji Tela.

"Ku matsa, ku ba shi iska!" Muryar Sista ce, tana ratsa mutane. Aka kawo baro daga wurin masu gini aka loda shi, ƙafafu na reto, aka tura shi gefen fili. Walƙiya ya ji ƙarar zif ɗin jaka. Ya ji an fasa 'yar kwalba. Zufa ta keto masa.

Sista ta ce, "Ku juya shi, ku sauke wandon. Uwar Auta, kin yarda?"

Matar ta ce, "Sista, in akwai babba ki sa babba. Jikinsa ba ya jin ƙarama."

Walƙiya ya buɗe ido ya ga allura tana ƙyalli a rana, tana tsartar da ruwa. Ba wanda ya ga lokacin da ya bar baron. Sai dai aka ga mutum ya ratsa fili riƙe da wando, ya yanke mutum uku ba tare da ƙwallo ba, bandeji yana warwarewa yana binsa kamar jela.

Koci ya bi shi da kallo baki buɗe. Ya ɗaga murya: "La'ananne! Da haka ka yi gudu ɗazu ai da kofin yana hannunmu!"

Walƙiya ya isa ƙaramar katangar ƙarshen fili ya haura. Bai san akwai kwata a bayanta ba. Ƙafarsa ta dama ta shige ciki, jikinsa ya wuce gaba, aka ji ƙas!

Ihun da ya yi ya kai har bakin titi. Jama'a suka taru a kan katanga suna leƙensa, sai suka fashe da tafi.

"Kai, wannan ta fi duka kyau!"

"Dubi har da hawaye!"

"Jama'a wallahi da gaske ne!" in ji Walƙiya. "Na rantse ta karye!"

"Wacce?" in ji alƙali daga kan katanga. "Ta dama ko mai yawon?" Ya laluba aljihu ya ɗaga masa jan kati, aka sake kwashewa da dariya.

Matarsa ce ta daina dariya. Ta kasa kunne, ta ce, "Ku tsaya. Duk ihunsa na haddace, da na targaɗe da na karaya da na mutuwa. Wannan ban san shi ba." Ta tattare zani ta zagaya ta ƙofa, ta duba ƙafar, ta ga ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Ta ɗora hannu a ka.

Bulodoza ne ya sunkuce shi kamar jariri ya kai shi mota. Ko a hanya sai da ya tambaye shi, "Maigida, yanzu na taɓa ka, ba za ka kai ni ƙara ba ko?"

A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar, aka ga ƙashi ya rabu biyu. Aka ɗaure ta da filasta mai tauri tun daga yatsu har gwiwa, allurar da ya guje wa kuma ya sha ta har da ƙari.

Bayan kwana biyu 'yan ƙungiya suka zo dubiya, fuska ba walwala, don har yanzu 'yan gareji suna zagaya layin da kofi suna musu hon. Suka tarar da shi a kan katifa a ƙasa, an tokare ƙafar da matashi. Koci ya yi niyyar faɗa, da ya ga ƙafar sai ya haɗiye, ya ce Allah ya sawwaƙe.

Walƙiya ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya zaro hoton ƙashin, ya ɗaga shi saitin taga.

"Koci, duba nan. Tela, matso ka gani. Kun ce ban iya ba. Alƙalinku mai tabarau ya ce ƙarya nake. To ga shi, faɗuwa ɗaya na yi da niyya, likita da kansa ya ruɗe. Kai, bar ta likita, har na'urar asibiti ta yarda!"

Matar ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta ta ce, "Au, ashe wasa ne? To tashi ka taka mu gani, Baban Auta."

Walƙiya ya gyara kwanciya, ya ja mayafi har ƙirji.

"Ke ba ki san ƙwallo ba. Ƙwararre ba ya tashi sai alƙali ya busa."